Abubakar Imam: Editan Da Ya Share Wa Masu Ilimin Zamani Hanyar Magana Da Jama'a

A unguwar Federal Low-Cost da ke birnin Gombe, kamar sauran unguwannin da ma'aikata da 'yan boko suka yi yawa, ba a rasa matashin da ya karanta ilimin sinadarai ko na ƙananan halittu a Jami'ar Jihar Gombe ko a Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko wanda yake samun horo a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Irin wannan matashi yakan tsaya gaban malamansa ya kare bincikensa da Turanci ba gargada. Amma idan an idar da sallar la'asar, dattijon maƙwabci ya tambaye shi abin da ke cikin allurar rigakafi, ko dalilin da ya sa aka hana zuba wani maganin ƙwari a buhun wake, sai harshe ya sarƙe. Amsar tana nan a kansa, kalmomin da zai ba da ita ne suka ɓace. Kafin ya gama lalube, wani da bai taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba ya riga ya ba da tasa amsar da Hausa mai zaƙi, kuma ita majalisa za ta tashi da ita.

Wannan matsala ta girmi jami'o'in Gombe, ta girmi jihar kanta da aka ƙirƙira a shekarar 1996. Cikin mutanen da suka fara tunkarar ta gadan-gadan a ƙasar Hausa akwai wani malamin makaranta da ya rikiɗe ya zama ɗan jarida, wato Alhaji Abubakar Imam. Yawancin masu karatu sun san shi da aku mai ba da labari da kuma tafiyar neman ruwan Bagaja. Kaɗan ne suke tuna cewa shi da abokin aikinsa sun rubuta littafin ilimin halittu da Hausa tun kafin a kafa jami'a ko ɗaya a Arewa, kuma ya shafe fiye da shekara goma yana koya wa samarin da suka yi boko yadda ake rubutu don mutumin da bai yi ba.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja a yau. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, masanin addini ne, kuma a gabansa yaron ya fara karatun allo da na Larabci. Yayansa, Malam Bello Kagara, malami ne a Katsina, shi ne kuma sanadin zuwan ƙanen can. A shekarar 1927 Imam ya shiga Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, makarantar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi a kusan lokaci guda da shi. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Da ya ci gaba da riƙe alli har ya yi ritaya, ba don gasar da aka shirya a 1933 ba. Dokta Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafan da suka fito daga wannan yunƙuri sun zama harsashin adabin zube na Hausa: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Balewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East, da Ruwan Bagaja na Imam, wanda a lokacin shekarunsa ba su wuce 22 ba. East ya ga abin da ya gani a alƙalamin saurayin. A 1936 ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya na wasu watanni, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiyawa da na Turawa, ya bar shi da su. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku.

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin a wannan aiki ne Imam ya ƙware a dabarar da ta yi masa amfani daga baya. Labarin da aka haifa a Bagadaza ko a wani ƙauyen Jamus, idan ya bi ta hannunsa, yakan fito da rawani da babbar riga, yana zaune a zaure, yana magana kamar Bakatsine. Ba ya bin jimla jimla yana fassarawa. Yakan karanta, ya fahimta, ya rufe littafin, sannan ya tambayi kansa yadda Bahaushe zai faɗi wannan magana da a ce a garinsu ta faru. Wasu manazarta na baya sun raɗa wa wannan salo suna Imamanci. Wanda ya iya mayar da baƙon labari ɗan gida ya riga ya yi rabin hanyar mayar da baƙon ilimi ɗan gida, domin wahalar iri ɗaya ce: abu ne da aka tsara don kunnen wasu mutane, ake so ya shiga kunnen waɗansu.

Jaridar da aka kafa don kashe jita-jita

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗauko Imam daga aji ya zama editanta na Hausa. Daga cikin dalilan kafa ta akwai wata jita-jita da ta karaɗe Arewa a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu, cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Hukuma ta lura cewa ba ta da bakin da za ta ƙaryata zancen da shi, domin sanarwar da ake aikawa ta hannun hakimi da dagaci ba ta da ƙafar da jita-jitar kasuwa take da ita. Sunan jaridar ma ya faɗi manufarta da kuɗinta a numfashi ɗaya.

Masu iya karatun boko a Arewa a lokacin ba su da yawa. Saboda haka jarida ɗaya takan yi wa mutane da yawa aiki: malamin makaranta ko akawun En'e ya riƙe ta a ƙofar gida ko a inuwar kasuwa, yana karantawa da ƙarfi, jama'a suna saurare. Imam ya san haka sarai, kuma sanin ya tsara masa rubutu. Jimlar da za a karanta wa mutum da baki ba ta jure wa nauyin da jimlar littafi take ɗauka. Mai sauraro ba zai iya komawa baya ya sake duba layin da ya wuce shi ba. Kalmar da bai sani ba, idan ta zo babu bayani, sai ta tsinke masa zaren maganar gaba ɗaya. Don haka Hausar Gaskiya ta fito a miƙe, da misali kusa da kowace sabuwar magana, da raha a inda abu ya yi nauyi. Wannan Hausa ce ta zama ma'aunin rubutacciyar Hausa na shekaru masu yawa.

Sai a tuna irin halin da ilimin kimiyya yake ciki a Arewa a wancan zamani. Bincike yana gudana. Tun 1922 akwai tashar binciken noma a Samaru kusa da Zariya, inda ake gwada irin auduga da na gyaɗa. Tun 1924 akwai ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom. A ƙasar Anchau, cikin Lardin Zazzau, an fara wani gagarumin shiri a ƙarshen shekarun 1930 don yaƙi da ciwon barci, ƙarƙashin masanin ƙwari Dokta T. A. M. Nash. Masu binciken sun gano cewa ƙudan tsando mai yaɗa cutar yana rayuwa ne a duhuwar da ke bakin rafuka, inda mata suke ɗibar ruwa, yara suke wanka. Maganin da suka kawo shi ne a sassare duhuwar, a haƙa rijiyoyi, a tashi dubban mutane daga ƙananan unguwanninsu a tara su a sababbin matsugunai. Har sabon gari aka gina, aka sa masa suna Takalafiya. Shirin ya rage cutar ƙwarai. Amma manomin da aka ce ya bar gonar kakanninsa ya fi jin abin a matsayin umarnin Nasara da ya biyo ta hannun hakimi. Haka yake ga allurar shanu, haka yake ga lambar agana, haka yake ga duba-gari da ke leƙa randunan mutane. Ilimin yana isowa ƙauye da sanda a hannu, bayaninsa kuwa yana makale a rahotannin Turanci a Kaduna.

Wannan giɓi ne jaridar ta shiga. Ban da labarin yaƙi, takan ɗauko zancen tsabta da lafiya da noma da kiwo ta warware shi da harshen da mai garma zai gane. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ta buɗe shafin wasiƙu. Malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, malamin daji, duk wanda ya iya riƙe alƙalami, yana iya aikowa da ra'ayinsa ya gan shi a buge, wani kuma ya mayar masa da martani a fitowa ta gaba. Ga samarin da suka fito daga Midil da Kwaleji, waɗanda al'ada ba ta ba su damar ɗaga murya a gaban manya ba, wannan shafi ya zama makaranta ta biyu. A nan suka koyi cewa sanin abu daban, iya faɗarsa daban, kuma duk wanda ya yi magana a bainar jama'a sai ya shirya jin amsa.

Ikon Allah

A shekarar 1949 aka buga littafin da ya fi kowanne cikin ayyukan Imam kusanci da kimiyya. Shi da East suka rubuta shi, suka kira shi Ikon Allah, kuma batunsa labarin halittu iri-iri ne da ke cikin duniya. An yi ta sake buga shi kashi-kashi don makarantu. Ilimin da yaron Ingila yake samu a darasin nazarin halitta, shi aka kawo wa yaron Kano da na Gombe da harshensa.

Sunan littafin ya cancanci a tsaya a kansa. Bahaushe idan ya ga abin al'ajabi, ko ɗan maraƙi mai kai biyu ne ko jirgi a sararin sama, kalmar da take fara fita daga bakinsa ita ce ikon Allah. Marubutan sun ɗauki wannan furuci suka mai da shi ƙofa. A zamanin da iyaye da yawa suke ɓoye 'ya'yansu daga makarantar boko don tsoron kada ta raba su da addini, littafin da ya zo da sunan kimiyya tsagwaronta da wuya ya tsallake zaure. Wanda ya zo da cewa duban halitta da sanin yadda take aiki wata hanya ce ta ganin girman Mahalicci, an ba shi tabarma. Mai suka yana iya cewa wannan dabarar talla ce, an shafa wa magani zuma. Sai dai zargin bai zauna a kan Imam ba. Ɗan malamai ne da ya rubuta littattafai a kan tarihin Annabi da tarihin Musulunci da aikin hajji, kuma abin da ya sa a bangon littafin shi ne abin da ya yi imani da shi. Mai karatu kuwa yakan gane bambanci tsakanin wanda yake magana daga cikin gida da wanda ya ari rigar 'yan gida don ya sayar da haja.

Wahalar da ba a gani a irin wannan aiki ita ce ta kalmomi. Yaya za a kira halittar da ido ba ya gani amma take kwantar da ƙato? Yaya za a kira na'urar da take nuna ta? Hanyoyin da Hausa ta bi sanannu ne. Wani lokaci takan ari kalmar baƙi ta gyara mata zama, kamar asibiti da likita da inji. Wani lokaci takan siffanta abu da abin da aka sani, kamar ƙwayar cuta da ma'aunin zafi. Wani lokaci kuma takan ɗauko tsohuwar kalma ta ɗora mata sabon kaya, kamar rigakafi, wadda ta daɗe a bakin mutane cikin karin magana kafin allura ta zo ta same ta. Waɗannan kalmomi aikin hannaye da yawa ne, na 'yan jarida da malaman makaranta da ma'aikatan rediyo, amma Zariya ta zamanin Imam tana cikin manyan maƙerun da aka sarrafa irinsu. Darasin da ke ciki shi ne cewa kalmar da ta rayu ita ce wadda mai sauraro ya iya maimaitawa a gida. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta zo ta ci gaba da tattara kalmomin fannoni, kuma har yau ƙa'idar ba ta sauya ba: kwamiti yana iya ƙirƙira, kasuwa ce take tabbatarwa.

Haɗin gwiwar mutanen biyu shi ma abin lura ne. East ya yi karatu mai zurfi a Ingila, ya san harsuna, ya ma fassara tarihin Tibi na Akiga Sai zuwa Turanci, kuma yana da hanyar samun littattafan ilimi. Imam yana da kunnen da ya san inda Bahaushe zai yi tuntuɓe. Babu ɗayansu da zai iya fitar da littafin shi kaɗai yadda ya fito. Abin da ake nema a yau idan aka zaunar da mai bincike kusa da ɗan jarida bai wuce wannan ba.

Samari masu ilimi da fagen muhawara

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila. Imam ne ya tafi daga Arewa, Nnamdi Azikiwe kuma yana cikin tawagar. Azikiwe ya shirya takardar neman matakan mulkin kai, Imam bai sa mata hannu ba, abin da aka daɗe ana muhawara a kansa. Amma a wannan tafiya ce ya gana da Lord Lugard, wanda ya kafa mulkin Turawa a Arewa, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu yana zayyana matsalolin ƙasar. Cikin abin da ya ɗaga akwai halin samarin da aka ilmantar sannan aka bar su babu mai sauraronsu, ba a fada ba, ba a ofishin Razdan ba. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, inda ya yi wa mai karatun da bai taɓa ganin teku ba bayanin abin da idonsa ya gani.

Samarin da yake magana a kansu ba su zauna jiran izini ba. A Bauchi, hedikwatar lardin da Gombe take ciki a lokacin, an kafa wani zauren tattaunawa a farkon shekarun 1940, inda Malam Aminu Kano da Tafawa Balewa da Malam Sa'adu Zungur suke fafatawa a kan mulki da ilimi da al'ada. Sa'adu Zungur misali ne na kusa da batunmu: ya yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan lafiya a Zariya, sannan ya zama ɗaya daga cikin masu kaifin harshe da alƙalami na zamaninsa. Zauren bai yi tsawon rai ba. Da tambayoyi suka fara taɓa fada, sai aka rufe shi.

A Zariya da Kaduna kuwa, Imam yana cikin waɗanda suka haɗu da Dokta R. A. B. Dikko suka kafa ƙungiyar da ta zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949. Dikko, ɗan Wusasa da ya yi karatun likita a Birmingham, shi ne likita na farko daga Arewa, shi aka kuma zaɓa shugaba. Abin da ya biyo baya ya nuna iyakar da masani ma'aikacin gwamnati yake cin karo da ita. Da ƙungiyar ta koma jam'iyyar siyasa a 1951, dokar aiki ta tilasta wa ma'aikata su zaɓa tsakanin ofis da dandali, Dikko kuma ya sauka daga shugabanci. Mafi yawan masu binciken kimiyya a Najeriya har gobe albashin gwamnati suke ci, kuma kowannensu ya san cewa maganar da ya yi a rediyo game da gurɓataccen ruwa ko jabun taki tana iya riga shi isa teburin shugabansa.

Imam kansa bai tsira daga wannan tarko ba. Gaskiya jaridar hukuma ce, Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 a Tukur-Tukur da kuɗin hukuma aka gina shi. 'Yan NEPU, waɗanda suka kafa jam'iyyarsu a Kano a 1950, sun ɗauki jaridar a matsayin kakakin Turawa da sarakuna, kuma ba za a ce zarginsu ba shi da tushe ko kaɗan ba. A ɗaya gefen, wasu masu mulki suna ganin editan ya cika ba wa yara bakin magana. A cikin kamfanin ma dangantakarsa da East ta yi tsami a kan matsayin ma'aikata 'yan ƙasa. Ya zaɓi hanyar gyara daga ciki, da lallashi da zolaya da haƙuri, hanyar da ta ba shi damar daɗewa a kan kujera amma ta rage masa abin da zai iya faɗa. Ko wannan ciniki ya yi riba, masana tarihi ba su daina jayayya ba.

Daga farkon shekarun 1950 siyasa da aikin hukuma suka fara janye shi daga teburin edita. An zaɓe shi ɗan majalisa a 1951. Ya yi aiki da NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa da aka kafa don samar wa ɗaliban Yaƙi da Jahilci abin karantawa. Ita ce ta riƙa fitar da ƙananan jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau, da Zumunta ta Lardin Bauchi, wadda ita ce rabon mutanen Gombe. Dattijon da ya koyi haɗa baƙi a ajin yamma yana samun ƙasida mai sauƙi a kan noma ko lafiya da zai gwada sabon iliminsa a kanta. Hukumar ba ta kai shekarar samun 'yancin kai ba aka rufe ta.

Daga nan Imam ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, ya zama mamba, daga baya ya shugabance ta, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike guraben Turawa da 'yan Arewa. Samarin da suka zama likitoci da injiniyoyi da jami'an gona na farko da yawansu sun bi ta gaban wannan hukuma. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, tashar Samaru ta zama cibiyar binciken noma a ƙarƙashinta. Arewa ta fara samun masana kimiyya nata na kanta, abin da Imam da tsararsa suka yi fata. Sai dai ilimin ya zo da Turanci, ana jarraba shi da Turanci, ana ƙara wa malami girma bisa abin da ya buga da Turanci a mujallun da maƙwabcinsa ba zai taɓa gani ba. Masana suka yawaita, masu bayani ba su yawaita tare da su ba.

An ga farashin wannan a fili shekaru bayan rasuwarsa. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin cewa an gurɓata maganin don hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Shakkun jama'a ba daga sama ya faɗo ba, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sakamakon ɗakin gwaje-gwaje shi kaɗai bai kwance ƙullin ba. Sai da sarakuna da malaman addini da ma'aikatan lafiya masu jin harshen mutane suka shiga gida gida, kafin a kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Jita-jita ce ta haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, jita-jita ce kuma ta nuna, bayan shekara 64, cewa aikin da jaridar ta fara bai kammala ba.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan aiki tsari. A Amurka, tun 1975 babbar ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta ƙasar take tura ɗalibai da matasan masu bincike su yi makonni a ɗakunan labarai, suna rubutu a ƙarƙashin edita. A Ingila an fara makamancin haka a 1987, bayan wani rahoto na 1985 ya ce bayyana wa jama'a bincike yana cikin nauyin da ke kan mai binciken. Abin da ake koya musu bai yi nisa da abin da ake yi a Zariya ba: ka fara da abin da mai sauraro ya sani, ka ajiye kalmar da ba za ka iya fassarawa ba, ka faɗi iyakar saninka, ka jure wa jan alƙalamin edita. Matashin Gombe yana da wata dama da takwaransa na can ba shi da ita. Hausa ce harshen da Bafulatani da Batangale da Batere da Bawaje suke haɗuwa a kai a kasuwa, kuma gidajen rediyo na jihar da ita suke isa ƙauyukan da jarida ba ta taɓa zuwa ba.

Shekarun Imam na ƙarshe sun tafi a hidimar jama'a. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta. A shekarun 1970 ya riƙe muƙamin kwamishinan sauraron koke-koken jama'a na Jihar Arewa ta Tsakiya, aikin da ya dace da mutumin da ya fara sana'arsa da karanta wasiƙun talakawa. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja suna nan a hannun ɗalibai, ana jarrabawa a kansu, ana karanta su a rediyo. Ikon Allah kuwa sai an tona a tsofaffin ɗakunan karatu ko a akwatin wani malamin firamare da ya yi ritaya.